Bakin Talaka da Kunnen Hukuma: Tarihin Shawara a Ɗan Issa

Duk motar da ta taso daga Maraɗi za ta Katsina sai ta ci birki a Ɗan Issa. Nan duwan take, nan ake duba takardu kafin a gangara Magama da Jibiya. Ba kaya kaɗai ake saukewa a wannan tsayuwa ba. Direba ya zo da abin da gwamna ya ce a Maraɗi, ɗan kasuwa ya zo da farashin Naira da rigimar jam'iyyu a Katsina, kafin shayi ya tafasa an tankaɗe labarin an rairaye a bakin tasha. Mutumin Ɗan Issa bai taɓa yunwar labarin siyasa ba, siyasar ƙasa biyu ma yake bi. Abin da ya daɗe yana nema shi ne wurin da zai faɗi tasa har ta ɗaure mai mulki, kuma wannan neman ya girmi jamhuriya nesa ba kusa ba.

Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Bayan shekarun gudun hijira, Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulki a Maraɗi wajen 1819, magadansa kuma suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsinar Fulani, wadda Ɗan Issa ke cikinta yau, ta zama filin hari da ramuwa kusan ƙarni guda. Sarautar Maraɗi kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai rukuni huɗu, Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, su ke naɗa sarki, su ke da ikon tuɓe shi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 sun sha yin hakan. Akwai Iya, mai riƙe da sha'anin mata da bori, wadda ake jin maganarta a fada. Shawara dai akwai ta, amma ta manya ce. Talaka sai ya kai kukansa ta hannun mai gari, ko ya jira maroƙi ya saka habaici cikin kirari, ko malami ya gutsura wa sarki gaskiya a wa'azi. In duk wannan bai yi ba, ya ɗaure kayansa da dare ya bar wa sarki ƙasarsa. Ba sarkin da ke wasa da wannan, domin garin da ya watse ba ya biyan haraji, ba ya ba da ƴan yaƙi.

Turawa sun ja layi tsakanin dangi da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamomin iyaka daga 1906 zuwa 1908. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Jibiya ta zauna hannun Ingila. A gefen Faransa kumandan na iya kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, ga haraji, ga aikin dole na hanya da ɗaukar kaya. Sarakunan da a da rukuni ke taka wa birki suka koma masu jin tsoron kumandan kaɗai. Sai dai iyakar da aka ja don a tsare mutane ita ce ta sauƙaƙa musu gudu: in abu ya yi zafi, tafiyar rabin yini ta kai mutum ƙasar Ingilishi wurin kawunsa. Hukumar Faransa ta sha kokawa da wannan ƙaura, wani lokaci har takan sassauta hannu a garuruwan bakin iyaka don kada su zama kufai.

Shekarar 1946 ce ta fara buɗe ƙofa. A cikinta aka soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, aka soke hukuncin kumandan na ba shari'a, aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai cikin watan Mayu. Amma ƙuri'a ta ƴan ƙalilan ce: sarakuna, ma'aikata, tsoffin sojoji, ƴan kasuwa masu takarda. Sai a 1956 aka ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe. A nan akwai abin lura da masu ba da tarihi kan tsallake. Matar da ke Ɗan Issa ta sami ƙuri'a shekara ashirin kafin ƴar'uwarta da ke aure a Jibiya, domin matan Arewacin Najeriya sai a 1976 aka ba su wannan dama, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da suka sha.

Zamanin gyaɗa ne. Buhunan Maraɗi ta wannan hanya suke bi zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ke kwashe su zuwa teku. Motocin da suka kai gyaɗa kan dawo da atamfa da goro, su kuma dawo da zancen NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano ran 8 ga Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Direbobi da yaran mota da ƴan dako da masu awo da mata masu zaman kansu, mutanen da ba su da gurbi a fadar kowa, su ne suka fara ɗaukar wannan murya. Da Djibo Bakary ya tashi da tasa tafiyar a Nijar, kiran Sawaba da ake ji a Kano shi aka ji a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. A karo na farko aka ga ɗan talaka ya hau teburi a bakin kasuwa yana kiran sunan sarki ba tare da ya durƙusa ba. A 1957 Djibo ya zama jagoran gwamnatin ƙasar.

Abin bai daɗe ba. Da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Djibo ya ce a jefa «a'a», a karɓi ƴancin kai nan take kamar yadda Gini ta yi. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka shigo da ƙarin sojoji, aka juya sarakuna. Sakamakon hukuma ya ce kashi 78 cikin ɗari sun ce «i», amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. A watan Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar Djibo ta Sawaba. Ƴaƴanta da yawa suka tsallaka Kano da Katsina da garuruwan bakin iyaka, inda ƴan NEPU suka ba su masauki. A 1964 wasunsu suka dawo da bindiga ta wurare daban-daban na iyakar, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Daga nan zama a bakin iyaka ya koma abin zargi. Baƙon da ya kwana gidanka, sai ka yi wa jandarma bayaninsa. Ƙasa ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agustan 1960, amma zancen siyasa a kasuwa ya koma raɗa.

Daga shugaba Diori Hamani zuwa shugaba Ali Saibou, kowace gwamnati ta zo da tabarmarta ta shimfiɗa wa jama'a, ta ce a zauna a yi shawara, in ta tashi kuma a naɗe tabarmar tare da ita. Ta Diori ita ce aikin wayar da kan manoma da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na UNCC, da kulob-kulob na sauraron rediyo da aka fara a 1962, inda mutanen gari kan taru su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a kai Yamai. Dabara ce mai kyau, sai dai ana iya magana a kan takin gona da zazzaɓi, ba a kan kuɗin da kamfanin SONARA ke sayen gyaɗa ko yadda ake karɓar haraji ba. Zaɓe kuwa jerin sunaye ɗaya ne na jam'iyyar Diori, PPN-RDA, sakamako kullum sama da kashi 99.

Seyni Kountché, wanda ya kifar da Diori ran 15 ga Afrilun 1974 a tsakiyar yunwa, ya farfaɗo da samariya. Kowane gari da sarkin samarinsa, a yi gayya, a gina azuzuwa, a haƙa rijiya, a shuka itace, a yi wasan kwaikwayo da kokawa. A kan samariya da ƙungiyoyin manoma aka ɗora majalisun raya ƙasa, daga ta ƙauye har ta ƙasa baki ɗaya. A watan Mayun 1984 ma Maraɗi ce ta karɓi babban taron yaƙi da kwararowar hamada. Dattawa da yawa har gobe suna yabon wannan zamani, kuma suna da hujja: an yi aiki, ɓarawon gwamnati ya ji tsoro. Amma gaskiya ɗaya ce, samariya hannu aka nema daga gare ta, ba baki ba. Wanda ya yi suka ya san akwai kunnen hukuma a kowace rumfa.

Guguwar da ta kawo canji daga birni ta taso. Ran 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, hukuma ta ce uku sun mutu. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka hana gwamnati sakat har Ali Saibou ya amince da jam'iyyu barkatai a watan Nuwamba. Ran 13 ga Mayun 1991 mata suka yi maci zuwa ofishin firaminista saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin André Salifou, ana watsa shi a rediyo. Mutane suka ji da kunnensu ana titsiye manyan hafsoshi da ministoci. Wanda ya rayu zamanin Kountché ya san girman wannan abu.

Amma wa ke cikin zauren? Malaman makaranta, ma'aikata, ɗalibai, ƴan jam'iyya, ana muhawara da Faransanci. Manoma da makiyaya, su ne mafi yawan ƴan ƙasa, wakilcinsu bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen Oktoba, taro bai ma watse ba, aka yi kisan Toda a cikin jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Ana can ana gyara tsarin ƙasa, a karkara kuwa ba zauren da manomi da makiyayi za su raba gardamar burtali kafin ta kai ga jini. Dokar karkara ta 1993 ce ta zo da kwamitocin filaye, inda mai gari da wakilin manoma da na makiyaya da na mata ke zama a shata burtali, a rubuta takardar gona. Ba a cika ambaton waɗannan kwamitoci in ana zancen dimokuraɗiyya ba, alhali sun fi majalisar dokoki kusa da rayuwar mutumin ƙauye.

Zaɓen Maris na 1993 ya ba Mahamane Ousmane na CDS-Rahama shugabanci. Kamfe ya shigo garuruwa da maroƙa da kalangu da atamfa mai hoton ɗan takara, alhazan Maraɗi kuma suka zama masu ɗaukar nauyin jam'iyyu, kowa da inda ya zuba kuɗinsa yana jiran kwangila ko sassaucin duwan. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da kowane ɗan kasuwar bakin iyaka ya ji a aljihunsa ba tare da an tambaye shi ba. Shugaba da firaminista Hama Amadou suka yi ta sa-in-sa har Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓi mulki ran 27 ga Janairun 1996. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, aka lalata shi wajen ƙirga, bayan wata biyu aka kashe Baré.

Duk da haka shekarun nan sun bar abubuwan da juyin mulki bai iya kwashewa ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia sun buɗe a Maraɗi, ana buga waya ana faɗa wa prefe magana da Hausa tsagwaronta, ga BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus da rediyon Kaduna da aka saba ji tun da. Ƙungiyoyin addini suka fito fili, Izala ta shigo daga Najeriya, gardamar malamai ta cika masallatai da kaset. A Nuwamban 2000 zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone a Maraɗi, wanda ya nuna cewa buɗe baki ba kullum yake zuwa da haƙuri da wani ba. Mata kuwa suka bi tasu hanya a natse: tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata su zauna kowane mako, a zuba kuɗi a akwati mai makulli, a zaɓi shugaba da ma'aji, a ƙirga a gaban kowa, a ci tarar wadda ta makara. Mace da ta shekara biyar tana wannan ta san yadda ake tambayar ma'aji ina kuɗi suka shiga. Da dokar 2000 ta tilasta wa jam'iyyu ba mata aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe, daga irin waɗannan ƙungiyoyi aka samo ƴan takara da dama.

Sai kuma fada. Ba ta sarki ba, ta samari: benci biyu a gindin bango, murhun gawayi, butar shayi, rediyo a rataye, sunan fadar a rubuce da fenti. Ana zuba shayi na ɗaya mai ɗaci ana zancen ƙwallo, kafin na uku an kai ga wanda ya ci kuɗin rijiya. Akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai sayar da man ruwa-ruwa da aka tsallako da shi, akwai mai digiri da ba aiki. Ƴan siyasa sun gane amfanin fada da wuri. Lokacin kamfe sai a aiko da sukari da ganyen shayi da ƴan jikkuna, a liƙa hoto a bangon. Samarin ba wawaye ba ne, sukan karɓi na kowa.

Ran 24 ga Yulin 2004, shekara 44 bayan ƴancin kai, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, Ɗan Issa na ɗaya daga cikinsu, tare da Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Jiratawa da Madarunfa a gunduma guda. Jama'a su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na da wurin zama a zauren, suna iya ba da shawara, amma ba su da ƙuri'a. Wannan ba ƙaramin juyi ba ne: jikan wanda ke durƙusawa a ƙofar fada ya ɗaga hannu a ƙirga, sarki na kallo. A ranar zaɓe wanda ba shi da takardar shaida, su ne da yawa, akan yarda shaidu biyu su tabbatar da shi, a dangwala masa tawada a yatsa.

Shekara na zagayowa aka ga iyakar wannan iko. A Maris na 2005 ƙungiyoyin farar hula suka tsayar da birane cik saboda harajin kashi 19 da aka ɗora wa kayan masarufi, gwamnati ta ja da baya. Birni ya yi magana an ji. Da damina ta zo, hatsi ya yi ta bi ta hanyar Ɗan Issa zuwa kasuwannin Najeriya inda ya fi tsada, iyaye mata kuma suna layi da yara ramammu a cibiyoyin likitocin MSF, har a Ɗan Issa kanta. Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa ana yunwa, a 2008 ma aka dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi. Majalisar kansiloli mai shekara guda, da ke rayuwa da kuɗin haraji da tikitin kasuwa da na tasha, ba ta da ta cewa a kan farashin gero, balle kan iyaka. Kuɗin duwan da ake karɓa a ƙofarta na baitulmalin ƙasa ne.

Ko zaman nata ma yankewa ya riƙa yi. Zaɓen Disambar 2009, bayan tazarcen Tandja, ƴan adawa sun ƙaurace masa. Sojojin Salou Djibo da suka zo ran 18 ga Fabrairun 2010 suka rushe majalisun. Aka sake zaɓe a Janairun 2011, wa'adi ya cika a 2016, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta yi ta ɗagawa har 13 ga Disamban 2020. A tsakanin nan Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ƴan bindiga suka fara tsallakowa daga dazuzzukan Zamfara da Katsina suna satar shanu da mutane a ƙasar Madarunfa. Sannan zinariya ta ɓulla a yankin Ɗan Issa, dubban matasa suka yi dafifi. Ran 7 ga Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Magajin garin Ɗan Issa na lokacin, Adamou Guéraou, shi ya tsaya gaban ƴan jarida yana ba da adadin gawawwaki. Izinin haƙar ma'adinai kuwa ba a ofishinsa ake bayarwa ba, umarnin rufe wurin ma daga sama ya zo. Mai ƙuri'ar jama'a shi ke ɗaukar makoki, mai iko yana Yamai.

Wannan na cikin dalilan da suka sa, da sojoji suka tsare shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, ba a ga talakawa sun fito kare kujerun da suka zaɓa ba. Da yawa ma gangamin goyon bayan jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, suka fita, musamman da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke lantarki, manyan motoci suka yi ta jibgewa a hanya har Maris na 2024. Aka kafa asusun ceton ƙasa, ana cirar dala biyu a tikitin mota da kuɗin waya. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. A watan Yuni aka maido da hukuncin ɗauri ga wanda aka samu da ɓata suna ko tada hankali ta intanet, sai masu tura saƙon murya a WhatsApp suka fara auna kalamansu. Ran 26 ga Maris na 2025 aka ƙaddamar da sabon kundin riƙon ƙasa, aka soke jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, aka ɗiba wa'adin shekara biyar da za a iya sauyawa gwargwadon halin tsaro. Majalisar ba da shawara da aka kafa daga baya, naɗa ƴaƴanta aka yi. A Ɗan Issa ana nan ana yankar tikitin kasuwa da na tasha kamar kullum, kasafin da kansiloli kan zauna su amince da shi yanzu yana hannun kantoma, shi kuma prefe da gwamna yake yi wa bayani.